Wasannin Tuna Suna Ga Tsofaffinmu a Makka da Jidda: Yadda Ake Shirya Su a Gida

Tambayar da ta fi zuwa mini daga masu riƙon iyaye a Makka, Jidda da Madina kusan iri ɗaya ce. Hajiya tana gane jikanta, tana fara'a in ya shigo, amma sunan ya maƙale a baki, sai ta jero sunayen yaran gidan kaf kafin ta dace da nasa. Me za a yi mata a gida ba tare da an ci mata fuska ba?

Abu biyu sun ƙara wa tsofaffinmu na nan wahala. Rusau ɗin da aka yi a tsofaffin unguwannin Jidda irin su Ghulail, Karantina da Sabil a 2021 da 2022 ya watsa maƙwabtan da suka shekara arba'in ƙofa da ƙofa, tsoho ya wayi gari a gidan bene cikin baƙin fuskoki. Sannan sunayen jikokin yanzu, su Lujain, Rimas, Rayyan da Nawwaf, ba su da wurin zama a kunnen wadda ta tashi da Talatu da Gambo. Wasannin da ke ƙasa ba sa warkar da gigin tsufa. Abin da suke yi shi ne su sa suna ya riƙa yawo a falo har ya zauna, bisa sharaɗi ɗaya da ya ratsa kowane mataki: ba a yi wa babba jarrabawa. Ana ba shi suna ne, ba a neman sa a wurinsa.

1. A duba kunne, ido da magunguna tukuna

Wanda bai ji suna da kyau ba, ba zai tuna shi ba. Da yawa daga cikin waɗanda ake cewa sun fara mantuwa, kunne ne ya yi nauyi ko yanar ido ta rufe musu fuskokin mutane. A kai tsoho mustausaf, wato ƙaramin asibitin unguwa, a duba masa kunne, don wani lokaci dauɗar kunne ce kawai ta toshe shi, a wanke shi ke nan. In sai an sayi na'urar ji, ku shirya aljihu, mai kyau tana kai dubban riyal. A gwada ido. A roƙi likita ya auna sinadarin B12 da aikin thyroid (ƙullin wuya da kumburinsa ke zama maƙoƙo), domin ƙarancinsu yana kawo mantuwa kuma ana maganinsa. Wannan ya fi shafar masu ciwon suga da suka daɗe suna shan metformin, tunda yana rage B12 a jiki. Ku zuba duk magungunan da yake sha a leda ku tafi da su, har da na barci da na mura, saboda wasunsu suna dusashe tunani.

Hattara: ruɗewar da ta zo farat ɗaya, cikin sa'o'i ko kwana ɗaya zuwa biyu, ba ta wasa ba ce. In ta haɗu da karkacewar baki, harɗewar harshe ko mutuwar hannu, a kira motar asibiti ta Hilal Ahmar a 997 nan take. Don neman shawarar likita ta waya akwai layin Ma'aikatar Lafiya, 937.

2. A zaɓi sunaye uku kacal

A nan mutane suka fi yin kuskure. Sai a ɗebo jikoki da tattaɓa-kunne ashirin a jera mata su a yini ɗaya. A fara da uku, ɗaya daga ciki ya zama wanda ta riga ta riƙe daram, don kowane zama ya kasance da abin da za ta ci nasara a kansa. Sauran biyun su zama mutanen da take gani aƙalla sau ɗaya a mako: jika, matar ɗa, ko maƙwabciyar bene da ke leƙowa gaisuwa. In mantuwar ta yi nisa, suna ɗaya ya isa. Kada a haɗa masu kama da juna a zubi guda, irin Rimas da Rital ko Hasan da Husam.

Hattara da alkunya. Tsohuwar Bahaushiya ba ta faɗin sunan mijinta, sau da yawa ba ta faɗin na ɗan fari, kuma yaron da aka sa wa sunan mahaifinta ko surukinta, Abba ko Baba ko Mai-sunan-Malam za ta kira shi. Yaran da suka tashi cikin Larabawa ba su san wannan ba, sai su ɗauka ta manta, su tsaya kanta sai ta faɗa. Ku zaunar da su ku yi musu bayani kafin a fara. Duk sunan da ta saba kiran mutum da shi, shi ne amsa daidai.

3. Kayan aiki da abin da za su ci

Ba wani abu mai yawa ba ne: hoton kowane mutum a girman santimita 10 da 15, alƙalamin maka baƙi mai kauri, farin kati mai tauri, ƙaramin littafi, da agogon waya. Wanke hoto a situdiyo 'yan riyal kaɗan ne kowanne, maka da kati kuma ana samunsu a shagunan Abu Khamsa ko kowace maktaba (shagon kayan rubutu) ta unguwa. Ku sa a lulluɓe katin da roba a maktabar, don gahawa za ta zube a kai ko ba daɗe ko ba jima. A ƙiyasina riyal 50 ta wadatar da katuna goma har da canji.

Hoton ya zama sabo, fuska ɗaya tal, cikin irin shigar da mutum yake yi a gida. Hoton biki da aka sha kwalliya ba ya aiki, ko uwar da ta haifi yarinya sai ta ƙura ido kafin ta gane ta. A rubuta sunan da manyan baƙaƙe a ƙasan hoton, a fuskar katin, ba a bayansa ba. Wadda karatun allo kawai ta yi, a rubuta mata da haruffan Larabci a sa wasali kamar na Alƙur'ani, don rubutu marar wasali irin na jaridun nan yana yi wa tsofaffinmu wuyar karantawa.

Hattara: hotunan mata su tsaya a ɓangaren mata, a akwati ko aljihun gado. Kada a tura su rukunin dangi na WhatsApp da sunan a wanko. In kuwa tsoho ba ya son hoto don addini, kada a yi musu da shi, a tsallake mataki na 7, sauran wasannin ba sa bukatar hoto.

4. Lokaci da wurin zama

Yawancin gidaje za su so bayan La'asar, lokacin da kowa ya dawo. Ga wanda mantuwarsa ta tsufa ce kawai, hakan ya yi. Amma masu gigin tsufa sukan fi ruɗewa da rashin natsuwa in rana ta doshi faɗuwa, don haka su a yi musu da hantsi, bayan karin kumallo. A kashe talabijin, a rage mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) in mai ƙara ne, a kunna fitila ta haska fuskar mai magana. A ɓangaren mata a ɗage niƙabi tun daga bakin ƙofa. Mutum huɗu zuwa shida sun isa, a zauna kusa, mutum ɗaya ke magana a lokaci guda.

A Ingila akwai tsarin motsa ƙwaƙwalwa na rukuni da aka gwada aka wallafa sakamakonsa a 2003, zama 14 ne cikin mako bakwai, sau biyu a mako, kowanne minti 45. Wannan na ma'aikatan da aka horar ne. A gida, minti 15 zuwa 20 sau biyu ko uku a mako ya fi dogon zama ɗaya ranar Juma'a. Kuma a yi da Hausa, ko da tsohuwa ta iya Larabci kamar a bakinta aka yanke shi, saboda in ƙwaƙwalwa ta fara rauni harshen da aka sha a nono ya fi daɗewa.

5. Wasan finjali

Da shi ake farawa, don ba wanda zai ce wasa ake yi. Yaron da ake son a riƙe sunansa shi ke zuba gahawa, dalla a hannun hagu, finjali a dama, kamar yadda aka saba. Ya durƙusa gabanta yadda za ta ga fuskarsa sosai, ya faɗi sunansa da kansa kafin komai.

"Sitti, Lujain ce, 'yar Amina. Ga gahawarki."

"Kishiya ce? Me kika zuba mini a ciki?"

"Ba komai wallahi, Sitti. Lujain ba ta cuta."

Kun ga sunan ya fito sau biyu ba a tambaye ta komai ba. Daga nan sai a ba ta mulkin rabo. Kada a ce "wa za a ba?" a yi shiru ana kallon ta. A sa sunan cikin tambayar: "Sitti, wannan na Rayyan ne ko na Faisal? Ga Rayyan nan kusa da ke." Za ta ce a ba Rayyan, ko ta ce a hana shi don jiya bai zo gaishe ta ba. Ko wanne ta zaɓa, ta furta sunan da bakinta, abin da ake nema ke nan. Bayan zama uku ko huɗu sai a fara rage taimako, a faɗi farkon sunan kawai, "na Ray...", a bar ta ta ƙarasa. In ta yi jim na daƙiƙa biyar, wani ya ƙarasa cikin hira kamar ba a lura ba.

Hattara: finjali uku-huɗu da dabino a kowane zagaye yana da yawa ga mai ciwon suga, gahawar yamma kuma tana hana tsoho barci. Ana iya yi da ruwan Zamzam, ko shayin na'ana'a marar sukari, ko goro a faranti ga masu ci.

6. Kaka ta raɗa suna

Wannan ne na fi so, kuma shi ya fi kama zuciyar tsofaffi, domin a cikinsa su ne malamai. An daɗe da gane cewa sana'ar mutum ko labarinsa sun fi sunansa sauƙin tunawa. Za ka tuna cewa wane mai sayar da tsire ne a Shari' Mansur, amma sunansa ya ɓace maka, saboda sana'a tana da ma'ana, suna kuwa shi kaɗai yake tsaye. Aikinku shi ne ku samar wa sunan abin jingina, kuma wanda tsohuwa ta ƙirƙira da kanta ya fi wanda aka ƙirƙira mata zama.

A duba kalandar waya a gano ranar makon da aka haifi kowane yaro, sai a kawo mata ƙara: "Sitti, an ce ranar Talata aka haifi Lujain. Da a gida ne, me za a kira ta?" Ba za ta yi jinkiri ba, Talatu za ta ce. Ɗan Lahadi Ɗanladi, 'yar Alhamis Lami, 'yar Juma'a Jummai, 'yar Asabar Asabe, ɗan Laraba kuwa Balarabe, wanda in ya faɗa kan yaron da ba ya jin Hausa sai an yi dariya har da hawaye. Sai a wuce zuwa sunayen yanayi. Namijin da ya biyo bayan mata Tanko ne, macen da ta biyo bayan maza Kande, mai bin tagwaye Gambo, na ƙarshe Auta, wadda aka haifa cikin Ramadan Azumi. Daga ranar sai a riƙa haɗa biyun: Lujain Talatu, Nawwaf Tanko. Tsohon sunan ke jawo sabon.

Wasu sunayen suna da abin jingina tun asali. Rayyan ƙofar Aljanna ce ta masu azumi, ba tsohon da bai san wannan hadisin ba. Tasnim tana cikin Suratul Muɗaffifina, wadda ake yawan ji a Harami. Faisal kuwa a ce mai sunan Sarki Faisal, wanda ya yi mulki daga 1964 zuwa 1975, sai ka ji Baba Alhaji ya ɓalle da labarin inda yake zaune a Misfala a zamanin. Ku bar shi ya yi labarinsa, kada a katse shi don a koma wasa. Mai sunan dai ya zauna kusa, a riƙa sako shi a tsakani: "Kana ji ko, Faisal?"

Akwai kuma laƙabin da Hausawa ke liƙa wa sunayen yanka: Abubakar Garba, Usman Shehu, Umar Sanda, A'isha Indo, Hauwa Kulu, Khadija Dije, Fatima Binta. Yaran nan da yawa ba su taɓa ji ba. Su riƙa tambaya, ita tana amsawa, har a zo kan "wa aka yi wa takwara?", wato wane jika ne ya ci sunan wane kaka.

Hattara: maganar takwara tana tono waɗanda suka rasu. In ta yi shiru ko idonta ya kawo ruwa, a yi musu addu'a tare, a sauya zance. In kuwa mantuwa ta kai tana tambayar ina marigayi ya tafi, kada a riƙa sanar da ita rasuwar sabuwa kowace rana. A ce mata ta ba da labarinsa.

7. Katin hoto da tazarar lokaci

Mutum biyu ke yin wannan, ita da wanda ta fi sakewa da shi. Ana ɗaukar kati ɗaya, a karanta sunan tare. Sai a rufe rubutun da yatsa a ce, "Wannan angon naki fa?" In ta faɗa, a ci gaba da hira, a sake nunawa bayan minti 1, sannan 2, sannan 4, 8, har 16. Duk lokacin da ta kasa, a janye yatsa nan take ta karanta, a koma tazarar da ta yi nasara a kanta ta ƙarshe. Kada a bari ta yi ta canki-canka, domin sunan da aka faɗa bisa kuskure shi ma yana zama a kai, gobe shi zai riga na gaskiya fitowa.

Hanyar tana da tushe. A 1999 masu bincike a Ingila sun ba da rahoton wani dattijo ɗan shekara 72 mai farkon cutar Alzheimer wanda ya koyi sunayen mutum 11 na ƙungiyar da yake zuwa hira ta hanyar hotuna, ana kare shi daga yin kuskure, kuma bayan wata tara yana riƙe da su. Mutum ɗaya ne, ba kowa zai kai haka ba, amma ya nuna ƙofar koyo ba ta rufe.

Sai suna ya kwana ya tashi daidai a zama uku a jere kafin a ƙara sabon kati. Agogon waya ya kasance a aljihu, a sa shi jijjiga. Da ta ga ana duba lokaci, ta san gwada ta ake yi, an ɓata wasan.

8. Ayarin Hajji

Na ranar taro ne, in dangi sun haɗu a gida ko an kama istiraha (gidan hutawa na haya). Iyaye da kakannin da yawa daga cikinmu ta ƙasa suka zo, daga Kano zuwa Maiduguri, Fallomi (N'Djamena ta yanzu), Abashe, Junaina, Fashir, Ubayyid, har Sawakin a tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda, wasu suna shekaru a hanya suna noma a Sudan don haɗa guzuri. Tsoho ko bai yi tafiyar ba, ya ji ta a bakin uwarsa, kuma jerin garuruwan yana nan a kansa.

A naɗa shi madugu. Shi ke faɗin zango, a kowane zango kuma mutum ɗaya ya miƙe ya shiga ayari da sunansa da kayansa: "Ni Rimas, na shiga a Maiduguri da buhun gero." A zango na gaba duk falon ya maimaita tare, da murya ɗaya: "Mun taso da Rimas mai gero, mun ɗauki Nawwaf mai tulu." Maimaitawar taron dangi ce ke rufa asiri, wanda ya manta sai ya bi bakin jama'a. Kowa ya riƙe kayansa iri ɗaya kowane mako, kada mai gero ta koma mai dabino.

Hattara: a tsaya a mutum biyar ko shida. Ba a fitar da kowa don ya kasa, ba maki, ba gwani. Yaran da suka saba da gasar wasan waya za su so su ƙirga, a hana su tun farko.

9. A rufe da sa albarka

Kowane yaro ya zo gabanta, mai kula da ita ta faɗi sunan a hankali kusa da kunnen da ya fi ji, ita kuma ta ce, "Allah ya yi wa Rayyan albarka." A tashi tun tana jin daɗi, kafin ta fara hamma ko gyara zama.

10. Baƙin Umara da Hajji

Aikin wata guda yana iya rushewa a bakin baƙo ɗaya. Ɗan'uwa ya sauka daga Kano ko Damagaram bayan shekara goma, ya shigo da murna ya ce, "Inna, kin gane ni? To faɗi, wane ne ni?" Jama'a na kallo, ita kuma ta sunkuyar da kai. Ku tare baƙo tun a mota ko a matakalar bene ku faɗa masa yadda zai yi sallama: sunansa, sunan mahaifiyarsa, da garinsu. "Inna, Sani ne, ɗan Hajiya Dije ta Fagge." In an san da zuwansa, a nemi hotonsa mako ɗaya kafin ya iso a saka shi cikin katuna. A shigo da baƙi bibbiyu, kada motar alhazai guda ta cika mata ɗaki. A watan Ramadan, da dare ya koma rana a Makka, a rage wasa zuwa na finjali kawai bayan buɗa baki.

11. Littafin lura

Bayan kowane zama, a ɓoye, a rubuta layi biyu: kwanan wata, sunan da aka yi aiki a kai, tazarar da ta kai, da yanayinta ranar, ko ta yi barci, ko suga ya hau. Mutum ɗaya ya riƙe littafin. Ranar da ba ta so, a ƙyale ta, a rubuta hakan ma.

Suna ya maƙale sannan ya faɗo bayan an jima, wannan tsufa ne, kowa zai je. Amma in littafin ya nuna tana rasa sunayen da take riƙe da su wata biyu baya, ko ta fara ɗaukar ɗanta a matsayin ƙaninta, ko Baba Alhaji ya ɓata tsakanin gida da masallacin da ya saba, ko raka'o'in salla suna rikice masa kusan kullum, a nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa ko na tsofaffi. Masu zuwa asibitin gwamnati su kama layi ta manhajar Sehhaty a cibiyar lafiya ta unguwa, daga can ake tura mutum gaba. Masu inshorar wurin aiki su fara tambayar kamfanin ko ta haɗa da iyaye. Ƙungiyar Alzheimer ta Saudiyya, mai hedikwata a Riyad, tana wayar da kan masu jinya. Ranar ganin likita a tafi da littafin da ledar magunguna, kuma in tsohuwa ta koma Hausa zalla, a tafi da wanda zai yi tafinta, a gaya wa likita tun farko don kada ya auna ta da tambayoyin Larabci ya ɗauka ta fi yadda take rauni.